Daga Ina Tsatsa Ke Hawa Kayan Wanki?

  

A wannan wata zan ɗan ajiye alli in ɗauki sabulu, domin wani abu da ya faru a ajin matan aure da nake koyarwa a nan Daura ya nuna mini cewa ɗan ƙaramin tabo a jikin riga yana iya shiga tsakanin mace da mijinta, har ma da abokiyar zamanta.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallar Gani, bayan mun tashi daga karatu, sai wata ɗalibata, amarya ce da ba ta cika shekara a ɗaki ba, ta tsaya har kowa ya fita. Ta ce, "Malama, ina da magana." Ta buɗe leda ta fito da farar shadda ta maigidanta, sabon ɗinki. A kafaɗa da gadon baya duk jajayen ɗigo ne, wasu a jere kamar an ja layi. Ta ce wannan ce riga ta uku da ta lalace a hannunta. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, in uwargidanta ce ta yi wankin, kayan fes suke fitowa, sai in ita ta wanke. Maigida ya ce ƙazanta ce da rashin iya wanki. Gwaggonta kuwa da ta ga rigar sai ta ce jini ne, jifa ne, kuma ba sai an je da nisa wajen neman mai hannu a ciki ba. A lokacin da take ba ni labari ta yi mako biyu ba ta cin abincin uwargidan, gaisuwa ma sama-sama suke yi, har an fara haɗa kuɗin da za a kai wa wani mai duba.

Na karɓi rigar na duba, na shinshina, na ce mata, "Ƙanwata, ki bar maganar mai duba. Gobe da hantsi zan shigo gidan, ki tanadar mini lemon tsami 3 da gishiri."

Da na je ban nemi komai ba sai wurin da take shanya. Waya ce ta ƙarfe aka ɗaura daga ƙusa zuwa ƙusa a ƙofar ɗakinta, ta sha ruwan damina har ta yi ja. Na jiƙa farin ƙyalle na goga a jikinta, sai ga jan layi irin na jikin rigar sak. Na ce ta nuna mini abin da take jiƙa kaya a ciki, ta ɗauko wani babban daro na ƙarfe cikin kayan ɗakinta, fentinsa ya ɓare a gindi. Uwargida kuwa igiyar roba ce a nata ɓangaren, bahonta ma na roba. Ashe an bar jaki ana dukan taiki.

Mece ce tsatsa?

'Yar uwa, tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da ruwa da iska ya ruɓe. Wannan jan da kike gani a jikin riga ɓurɓushin ƙarfe ne ƙanana ƙwarai da suka shige cikin zare suka kama. Shi ya sa sabulu ba ya cire shi, domin aikin sabulu shi ne ya ɗauke maiƙo da dattin da ya maƙale a maiƙon, ƙarfe kuwa ba ruwansa da kumfa. Ko kin ƙarar da sanda guda ta sabulu, ko kin cuɗa har hannunki ya saɓule, tabon yana nan. Abin da ke narkar da tsatsa shi ne tsami. Ki riƙe wannan, domin duk maganar yau a kansa ta tsaya.

Hanya biyu tsatsa ke bi ta hau kaya. Ko dai jiƙaƙƙen tufa ya taɓa ƙarfe mai tsatsa, ko kuma ƙarfen yana cikin ruwan da kika yi wanki da shi. Kamannin tabon yakan gaya miki wacce ce. In ɗigo ne ko layi a wuri guda, to wani ƙarfe ne ya taɓa wurin. In kuwa farin kaya ne gaba ɗaya yake rinewa a hankali, yau fari, bayan wata uku ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, to ki tuhumi ruwa.

Ƙarafan da ke tsakar gida

Na farko ita ce wayar shanya, sai ƙusoshin da aka ɗaura igiya a jikinsu, da ƙofar ƙarfe ko tagar da muke rataya kaya in igiya ta cika. Wasu kuma kan shanya a kan wayar shinge ko a saman tsohon kwano. Da rani abin bai cika nunawa ba saboda kaya kan bushe nan da nan, amma da damina, lokacin da shanya ke wuni a jiƙe, nan ne ɓarnar take.

Na biyu shi ne mazubi: bokitin ƙarfe, daron da fentinsa ya ɓare, da duron da muke tara ruwa. Yawancinmu mukan jiƙa fararen kaya su kwana don datti ya saki, to in mazubin yana da tsatsa, dare ɗaya ya isa.

Na uku yana jikin tufar kanta. Fil ɗin da muke maƙale hijabi ko ɗankwali da shi, zif, maɓallin ƙarfe, ƙugiyar rigar mama, ƙarfen bel na wandon makaranta. Sai kuma abin da ke cikin aljihu, kamar mukulli, ƙusa, reza, ko marfin kwalba da yaro ya tsinto. Fil ɗaya da aka manta a hijabi yana iya ɓata duk abin da aka jiƙa tare da shi.

Na huɗu dutsen guga ne, musamman na gawayi, wanda ake ajiyewa a ƙasa inda danshi yake. Kin yayyafa wa riga ruwa, kin ɗora dutse mai tsatsa a gindi, kin ga kin buga mata hatimi da zafi. Na lantarki mai fesa tururi ma yakan tofo jan ruwa in an bar ruwa ya daɗe a cikinsa.

Na biyar wurin ajiya. Akwatin ƙarfe da iyayenmu ke adana zannuwa, hangar waya, da ƙusar bango da maigida ke rataya riga in ya dawo da gumi. Sau da yawa akan buɗe akwati a ciro haramin da Alhaji ya ajiye, ko zanin gadon da aka tanada don baƙi, a tarar duk inda ya taɓa bangon akwatin ya yi jirwaye.

Akwai na shida da masu ciki da masu goyo ya kamata su sani. Maganin ƙarin jini da ake ba mu a asibiti, na ruwa da na ƙwaya, sinadarin ƙarfe ne a cikinsa. In ya ɗiga a rigar yaro, ko aka manta ƙwayar a aljihu aka jiƙa, tabon da zai bari ɗan uwan tsatsa ne, kuma maganinsu ɗaya.

In laifin na ruwa ne

Mu mutanen Daura ba baƙin rijiya ba ne, tarihin garinmu ma a bakin rijiyar Kusugu ake fara ba da shi. Har gobe gidaje da yawa, a cikin gari da ƙauyukan Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, da ruwan rijiya ko na burtsatse suke wanki, ko kai tsaye ko ta hannun 'yan garuwa. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa yana kwasar abin da ya ratsa ta cikinsa. Jan da kike gani a jikin marmara da jar ƙasa, shi ma ƙarfe ne da ya yi tsatsa tun fil azal. Saboda haka wata rijiyar takan fito da ruwa mai ɗauke da narkakken ƙarfe, wata kuma a unguwa ɗaya babu ko kaɗan, gwargwadon zurfi da irin ƙasar da aka tarar.

Abin mamakin shi ne, lokacin da aka ɗebo irin wannan ruwa garau yake kamar hawaye, domin a can ƙasa babu iska. Sai ya sha iska a bokiti ko a jikin rigar da kika shanya, sannan ƙarfen ya juye ya zama tsatsa. Wato da hannunki kike rina kayan ba ki sani ba.

Kuma ba sai ƙarfen ya yi yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in ya wuce miligiram 0.3 a kowace lita, yana ɓata kayan wanki. Wannan adadi ne kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta sa a matsayin iyaka cikin ƙa'idar ruwan sha da ta fitar a 2007. Don ki gane ƙanƙantarsa, a jarka mai lita 25 ta mai garuwa, kimanin nauyin ƙwayar gero ɗaya ke nan. Akwai kuma wani ɗan uwansa da ake kira manganis, shi tabonsa baƙi-baƙi ne.

Ga yadda za ki gwada ruwanki ba tare da kin kashe ko sisi ba. Ki cika farin bokitin roba da ruwan, ki bar shi a buɗe ya kwana. In da safe kin ga ya yi ja-ja, ko wani jan gari ya kwanta a gindi, akwai ƙarfe. Sauran alamun su ne ƙarni irin na ƙarfe a baki, shayi ya riƙa yin baƙi fiye da ƙima, da jan zane a bango ko siminti daidai inda famfo ke ɗiga.

Sannan ki lura da lokacin da jan ke zuwa. In ruwan farko na safe ne ke fitowa ja, bayan bokiti biyu ko uku ya washe, to bututu ne ko tankin ƙarfe ya yi tsatsa, ruwan ya kwana a ciki. In kuwa garau yake fitowa sai daga baya ya rine, daga ƙasa yake. Ruwan sama da muke tara daga indararo shi ne mafi kyau ga farin kaya, amma in kwanon rufin ya tsufa ya yi ja, shi ma yana sauko da nasa.

Ba kowane jan tabo ne tsatsa ba

Kafin ki fara magani ki tabbatar da ciwon. Jini in ya bushe yakan yi duhu kuma wurin yakan ɗan yi tauri, shi da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake ya zauna. Goro yakan fi yawa a gaban riga da bakin aljihu. Manja yana da maiƙo, sabulu da rana ke cin sa. Turaren mai da humra sukan bar zagaye mai ruwan ƙasa a ƙirji da wuya. Ƙunar dutsen guga kuwa zaren ne ya ƙone, ba abin da za a cire. Ita tsatsa ba ta da wari, ba ta da maiƙo, launinta tsakanin ja da ruwan goro, kuma in kin ɗiga mata lemon tsami kin jira kaɗan za ki ga ta fara dusashewa.

Yadda ake cire ta

Hanya ta farko, wadda na fi amincewa da ita, lemon tsami da gishiri. Ki shimfiɗa wurin tabon a kan farantin roba ko na tangaran, ban da na ƙarfe. Ki matse lemon har wurin ya jiƙe sosai, ki barbaɗa gishiri ya rufe shi, sannan ki kai rana. Duk lokacin da kika ga zai bushe ki ƙara matsa lemo, domin tsamin yana aiki ne muddin wurin yana da danshi. Bayan minti 30 zuwa awa 1 ki ɗauraye da ruwa mai yawa, ki duba. Sabon tabo yakan tafi a karo ɗaya, tsoho kuwa sai an maimaita sau biyu ko uku. Kada ki kankare da ƙarfi, tsamin ne ke aikin, ba ƙarfin hannunki ba.

Hanya ta biyu ta mai taurin kai ce. Ki tafasa ruwa a tukunya, ki sauke, ki miƙar da wurin tabon a bakin tukunyar yadda tururi zai riƙa ratsa shi, sannan ki riƙa ɗiga lemon tsami a kai. Zafi yana hanzarta aikin tsami. Wannan ta dace da farin yadi da zanin gado na auduga. Ki yi hattara da hannunki, kuma ki kori yara daga wurin.

Hanya ta uku farin khal ne, shi ma da gishiri, kamar yadda aka yi da lemo. Bai kai lemon tsami ƙarfi a kan tsatsa ba, amma yana yi wa ƙaramin tabo.

In kuwa kaya ne gaba ɗaya suka rine saboda ruwa, ɗiga lemo ba zai ishe ki ba. Ki nemi garin tsamin nan fari mai kama da sukari da masu haɗa lemon sha ke saya, wanda ake kira sitirik asid. Ki zuba cokali 2 na cin abinci a ruwa mai ɗumi lita 4 cikin bahon roba, ki jiƙa fararen kayan awa 1 ko 2 kina juyawa, ki ɗauraye sosai, sannan ki wanke da sabulu kamar kullum. Amma fa da ruwa mai kyau za ki yi, in ba haka ba kin koma gidan jiya.

Wata za ta ce tsamiya fa? Tana da tsamin da ke cin tsatsa, shi ya sa take haskaka tagulla, sai dai tana da nata launin da za ta bar wa farin kaya. Ki bar ta a kunu.

Masu wanki da guga suna da wasu magunguna na kanti masu cire tsatsa nan take. Suna aiki, amma guba ne, wasunsu ma suna cin fata su shige har ciki ba tare da an ji zafi da wuri ba. Gidan da ke da yara masu rarrafe bai kamata a ajiye irinsu ba. In shadda ce mai tsada ko babbar riga mai aiki, gara ki ba wanda ya san sana'ar, ki nuna masa tabon, ki gaya masa tsatsa ce.

Kurakurai huɗu

Kuskure na farko, wanda kusan kowaccenmu ta taɓa yi, shi ne zuba bilic. Da mun ga tabo a farin kaya hannunmu na kai wa gare shi. To bilic bai cire tsatsa, ƙara mata ƙarfi yake yi, domin aikin da iska ke yi wa ƙarfe a hankali, shi a take yake yin sa. In ruwanki mai ƙarfe ne kika zuba masa bilic, za ki ga fararen kaya sun fito sun fi da rinewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kanwa da ruwan toka ma ba sa yi, domin su kishiyoyin tsami ne.

Na biyu ya fi haɗari, wato haɗa bilic da lemon tsami ko khal. Kada ki kuskura. Haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi da ƙona ido, balle a banɗaki ko ɗaki rufe. In kin riga kin sa wa tufa bilic, ki ɗauraye ta sau da yawa har warin ya fita kafin tsami ya taɓa ta.

Na uku, goge riga da tabon a jikinta. Zafin dutse yana ƙara zaunar da shi. Haka nan in kin sa lemo ba ki ɗauraye da kyau ba kika yi guga, wurin zai yi rauni, wata rana ya yage.

Na huɗu, jinkiri. Tsatsa in ta daɗe tana cin zaren auduga, har ranar da za ki cire ta ki tarar da huda a wurin.

Sai gargaɗi biyu. Atamfa, leshi da shadda mai launi, ki fara gwada lemon a cikin kalmasa inda ba a gani, kuma a inuwa za ki bar su, domin tsami da rana suna kashe launi. Sannan ki wanke hannunki da sabulu bayan kin matse lemo, saboda ruwan ɓawonsa in ya zauna a fata rana ta buge shi yakan bar baƙin tabo, wani lokaci har da ƙuna.

Tambayar da ɗalibai suka yi

Da na kawo wannan magana a aji, tambayoyi biyu suka taso, na san kuma suna ran wasunku. Ta farko, shin ana salla da tufa mai tabon tsatsa? Ana yi, babu ko shakka. Ƙarfe abu ne mai tsarki, tsatsarsa ma haka, ba ta cikin najasa. In kuwa tabon na jini ne, sai a wanke da ruwa, kuma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa in an wanke iyakar iyawa launi ya ƙi fita, wannan saura ba ya hana salla. Sai dai ki tuna lemon tsami ba ya tsarkake najasa, ruwa tsantsa ke yin wannan, don haka ko kin sa lemo ki bi da ruwa.

Ta biyu, ruwan rijiyar da ke yin ja, ana alwala da shi? Wadda ta karanta Ishmawi ko Risala za ta tuna cewa ruwan da ya canja saboda ƙasar da yake zaune a cikinta yana nan a kan tsarkinsa, ana alwala da wanka da shi. Abin da ke ɓata ruwa daban, abin da ke ɓata farar riga daban.

Rigakafi

Ki cire wayar ƙarfe ki sa igiyar roba, kuma ki riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma kafin shanya, musamman da hunturu. Jiƙon kwana a bahon roba kawai. Ki laluba aljihu, ki cire fil, kafin tufa ta shiga ruwa. Dutsen guga ki goge gindinsa da toka mai laushi ko lemo da gishiri, ki ajiye shi a busasshen wuri, kuma kullum ki fara gwada shi a kan tsumma. Akwatin ƙarfe ki shimfiɗa masa tsohon zani ciki da gefe, kada kuma ki ninke kaya da sauran danshi.

In ruwanki ne mai ƙarfe, ki ɗebi na wanki tun jiya. Ki riƙa kwarara shi daga wannan bokiti zuwa wancan sau da yawa don ya sha iska, ki bar shi a buɗe ya kwana, ko ya yi kwana biyu in da hali. Da safe ki tsiyaye na sama a hankali ta cikin farin ƙyalle mai kauri, na gindin ki ba shuka. Ɗan alimun kaɗan yana taimaka wa garin ya kwanta da wuri. In bututu ne, ki bar ruwan farko ya zuba a wani mazubi don shara da wanke tsakar gida. In mai garuwa ke kawo miki, ki tambaye shi daga wace rijiya yake ɗebowa, ki gwada na wurare biyu, ki zaɓi na fararen kaya. In kuma maigida zai haƙa burtsatse ko zai sayi tanki, ki ba shi shawara cikin ladabi a sa bututu da tanki na roba, a kuma kai ruwan a auna kafin a fara sha.

Mu koma kan amaryarmu. Kafin la'asar farar shaddar nan ta fita tas, maigida ya sa ta ya je kallon hawa. Riga ta biyu sai da muka yi mata sau uku, ta bar ɗan alama da sai an ƙura ido. Ta ukun, wadda ta sha bilic da guga, ta huje a kafaɗa, ba ta gyaru ba. Na ce mata riga an yi asara, amma akwai abin da ya fi riga da ya kamata ta gyara kafin rana ta faɗi. Ta ɗan yi jim, sannan ta tashi ta nufi ɗakin uwargidan, ina jin ta daga tsakar gida ta durƙusa tana cewa, "Yaya, ki yafe mini, na zarge ki a kan abin da ba ki ji ba ba ki gani ba." Uwargidan ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ai da kin tambaye ni. Irin wayar nan ce ta cinye mini zannuwan gado biyu shekarar da na zo gidan nan, shi ya sa na cire tawa."

'Yar uwa, Allah ya hane mu da yawan zato a cikin Suratul Hujurat, kuma zuwa wurin mai duba ba ƙaramin abu ba ne ga imanin mutum. Kuɗin da aka tara don a kai masa, igiyar roba da baho aka saya da su, har da canji. Ku ma iyayenmu da gwaggonninmu, in yarinya ta kawo ƙara, a fara duba igiyar shanya kafin a duba abokiyar zama. Maigida kuma da ke karanta wannan shafi a ɓoye, mun san kuna yi, kafin ka ce ba ta iya wanki ba, tuna wa ya ɗaura wayar.

Yau in kin idar da sallar la'asar, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a igiyar shanyarki, ki kuma cika farin bokiti ki bar shi ya kwana. Abin da kika gani ki rubuto mana, tare da duk wata dabara da kika gada wurin iyaye, domin wasu su amfana.

A nan zan dakata. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu da rai da lafiya. Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya shirya mana zuriya, amin.

Wassalamu alaikum.